DARE ƊAYA A FILIN ƘANƘARA NA BIRNIN MONTREAL

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, kuma gani ya kori ji. A watan Janairu na shekarar 2025 Allah ya nufe ni da zuwa birnin Montreal na ƙasar Kanada, inda na yi mako uku a wurin ɗan ƙanwata, wanda ya shekara takwas yana zaune a can yana tuƙa motar rarraba kaya. Abubuwan da na gani suna da yawa, amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani wasa da na kalla a daren wata Talata. 'Yan kallo ba su kai goma ba, kuma ba a biyan 'yan wasan ko sisin kwabo. Su ne ma suke biya daga aljihunsu.

Kafin in kai ku filin wasan, bari in ɗan ba ku labarin garin. Montreal tsibiri ne a tsakiyar babban kogin nan da ake kira Saint-Laurent, a cikin lardin Kebek, inda Faransanci shi ne harshen hukuma da na kasuwa. Sai dai Faransancin nasu daban yake da wanda muka koya a makaranta, domin sai da na yi kwanaki kafin kunnena ya saba da shi. Batun sanyi kuwa ba a magana. Mu da muka saba da zafin Garwa, muke kuka da hunturu idan ya busa na 'yan makonni, to wannan wasan yara ne. Akwai safiyar da ma'auni ya sauka kusan 20 ƙasa da sifili, in ka yi numfashi sai ka ji gashin hancinka ya daskare. Ga shi tun kafin ƙarfe biyar na yamma rana ta faɗi, kowa ya shige gida ya rufo ƙofa. Babu zaman dandali, babu hira a ƙofar gida, babu mai shayi a bakin titi.

Yaron nan ya gaya mini cewa a shekarunsa biyu na farko kaɗaici ya kusa koro shi gida. Daga aiki sai ɗaki, daga ɗaki sai aiki. Wani abokin aikinsa ne ya ja shi zuwa ɗaya daga cikin filayen ƙanƙara da hukumar birni ke shiryawa a wuraren shaƙatawa na unguwanni a lokacin sanyi, ya ara masa takalmin zamiya, wato takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙarƙashinsa. Ya ce ya sha faɗuwa har ba adadi, yara 'yan shekara biyar suna wuce shi suna dariya. Amma yau da gobe ba ta bar komai ba. Bayan shekara uku sai ga shi an ɗauke shi a wata ƙungiya ta manya masu buga ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda su suke kira hoki.

Wannan wasa a Kanada ya wuce yadda muke ɗaukar ƙwallon ƙafa. A shekarar 1994 majalisar ƙasar ta yi doka ta mai da shi wasan ƙasa na lokacin sanyi. Kuma a nan Montreal ne aka buga wasa na farko mai tsari a cikin rufaffen fili, ranar 3 ga Maris 1875, mutum tara-tara, da ɗan guntun katako a maimakon ƙwallo. An kai ni wurin na gani, yanzu gidan ajiye motoci ne. Babbar ƙungiyar garin, wato Canadiens, an kafa ta a 1909, kuma daga 1916 zuwa 1993 ta ci kofin Stanley har sau 24. Duk inda ka juya, a kanti ko a jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ka ga jar riga mai ɗauke da tambarinta.

Amma ba wasan ƙwararru na je kallo ba. Akwai wata gasa ta magidanta da ma'aikata, waɗanda suke haɗa kuɗi su kama hayar fili su buga don motsa jiki da zumunci. Mutanen Kebek na kiranta gasar gareji, masu jin Turanci kuma suna ce mata gasar giya, saboda abin da akasarinsu ke sha bayan an tashi. Da yake yara da matasa ake bai wa fili da yamma, su manya sai abin da ya rage. Namu wasan ƙarfe goma da rabi na dare aka sa shi.

Tun ƙarfe tara yaron ya fara haɗa kaya a wata ƙatuwar jaka. Na ce masa, "Kai ɗana, ina saurin me, filin nan da ka ce tafiyar minti ashirin ce?" Ya ce, "Kawu, ai sa kayan kawai yana cin kusan rabin awa. Kuma fili na haya ne, in lokaci ya cika kashe mana agogo za a yi, ko an gama ko ba a gama ba. Wanda ya makara, lokacin mutane ya ci." Ya kuma nuna mini a wayarsa yadda kowa yake sanar da kyaftin tun kwana biyu kafin wasa ko zai zo ko ba zai zo ba, domin a nemo wanda zai cike gurbinsa. Ya ce mutum ya yi shiru ya ƙi zuwa ba tare da ya faɗa ba, wannan ya fi zubar da mutunci a kan a ci ka ƙwallo goma.

Muka isa wani filin hukuma a arewacin birnin. A ɗakin canja kaya na tarar da mutum goma sha biyu. Kyaftin ɗinsu mai gyaran famfo ne. Akwai malamin makaranta, akwai akawu, akwai wani saurayi ɗan asalin Haiti mai aikin asibiti, akwai kuma wani dattijo mai furfura wanda ya haura shekara sittin, tsohon direban bas ne da ya yi ritaya. Da yaron ya gabatar da ni a matsayin kawunsa, kowa ya tashi ya ba ni hannu. Sai kyaftin ya ce tunda na zo daga nesa ba za a bar ni in zauna ni kaɗai a wurin 'yan kallo ba. Ya ɗora mini hular kwano a kai, ya ce aikina shi ne buɗe ƙofar benci idan 'yan wasa za su shiga ko za su fita. Ni dai na karɓa ne ba tare da na san nauyin abin da aka ɗora mini ba.

Muka fito muka tsaya a bakin fili. Filin yana da tsawon mita 61 da faɗin mita 26, an kewaye shi da katanga da gilashi mai kauri. Wata mota mai kama da akwati tana zagayawa a hankali, tana kankare saman ƙanƙarar tana zuba ruwan zafi, bayanta kuwa sai sheƙi kamar madubi. Sunanta Zamboni, sunan mutumin da ya ƙirƙiro ta a Kaliforniya ta Amurka a 1949. Abin da na lura da shi shi ne, ƙartin nan duka sun tsaya cik, ba wanda ya sa ƙafa a kan ƙanƙara har sai da motar ta fita aka rufe ƙofarta. Da direban zai wuce, wasu suka ɗaga masa sanda alamar godiya.

Abin da ake bugawa ba ƙwallo ba ne mai zagaye irin namu. Wani faifan baƙar roba ne mai tauri, girmansa kamar gwangwanin man goge takalmi, nauyinsa kamar giram 170. In gwani ya make shi, gudunsa ya fi na mota a kan babbar hanya. Shi ya sa mai tsaron gida yake da daraja ta musamman. Yaron ya gaya mini cewa a yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi ba a karɓar kuɗi a hannun mai tsaron gida, domin samunsa wuya gare shi, kayansa suna da tsada, kuma in babu shi babu wasa. A lokacin ɗumama jiki na ga ana buga masa a hankali, ana nufar ƙafafunsa da ƙirjinsa inda kariya take. Wani ya kuskure faifan ya tashi ya daki hularsa, nan take ya zamo har gabansa ya ba shi haƙuri. Dattijon nan ne ya ba ni labarin cewa har zuwa 1959 masu tsaron gida da fuska a buɗe suke wasa, sai da Jacques Plante na ƙungiyar Canadiens ya ji rauni a fuska a ranar 1 ga Nuwamba na wannan shekara, ya ce ba zai koma fili ba sai da abin rufe fuska. Daga nan sauran suka bi sahu.

Alƙalin wasa ya hura usur aka fara. Kowane ɓangare mutum shida ne a fili: mai tsaron gida, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. To a nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba a wani wasa. Mu a ƙwallon ƙafa mutum yakan shiga ya yi minti casa'in, in an cire shi ma har fushi yake yi. A nan kuwa ba a fi minti ɗaya ko ɗaya da rabi ba sai in ga mutum ya nufo ni a guje yana kiran sunan matsayinsa, in buɗe ƙofa ya faɗo ciki yana haki, wani ya fita. Ba a tsayar da wasa, ba a jiran alƙali, ba kuma wanda yake kiran mutum ya fito. Shi da kansa yake sanin lokacinsa ya yi. Ko ƙwararru da ake biyansu miliyoyi, akasari ba su wuce daƙiƙa 45 zuwa minti ɗaya a kowace shiga, domin gudun da ake yi a kan ƙanƙara yana cinye ƙarfin ƙafa da sauri ƙwarai. Ni kuwa mai ƙofa na sha gumi duk da sanyin wurin. Sau biyu na buɗe ta a makare, sau ɗaya na kusa maƙale wa akawu sanda, amma ba wanda ya ɗaure mini fuska.

Akwai kuma ƙa'idar fita. Ba a fita a lokacin da abokan hamayya suka nufo gidanku, domin ka bar 'yan uwanka da giɓi ke nan. Sai ka tura faifan can cikin gidansu tukuna, sa'an nan ka juyo. Haka kuma wanda zai shiga ba ya shiga sai mai fitowa ya iso kusa da benci, in ba haka ba a kama ku da laifin yawan mutane a fili. Hukuncin ƙaramin laifi shi ne a kai mutum wani ɗan akurki a gefen fili ya zauna minti biyu, 'yan uwansa su ci gaba da wasa da ragin mutum ɗaya. Wato kai ka yi laifi, amma su ne za su sha wahalarsa, kana zaune kana kallonsu ta gilashi.

A wasan ƙwararru an yarda a bangaji mutum da kafaɗa har ya bugu da katanga. A wannan gasa an hana, kuma wanda ya yi dambe korarsa ake yi. A zagaye na biyu wani ɗan ɗaya ƙungiyar ya yi karo da malamin makaranta ba da gangan ba, ya faɗi ya kasa tashi. Nan da nan aka tsaya, 'yan ɓangarorin biyu suka kewaye shi. Da ya miƙe, sai na ji filin ya ɗauki ƙara, kowa yana buga sandarsa a kan ƙanƙara ko a jikin katanga. Wannan shi ne tafinsu, tunda hannuwa suna cikin safa mai kauri. Saurayin nan mai aikin asibiti ya dube ni ya ce, "Baba, kowa a nan yana da aikin da zai je gobe da safe, yana kuma da iyalin da yake ciyarwa. Babu ƙwallon da ya kai a karya wa mutum ƙafa a kansa."

To, mai karatu, yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. An shiga zagaye na uku ana biyu da biyu. Yaron nawa ya shiga fili, kuma na lura tun farkon wasa yana yawan waiwayo ni. Ashe so yake ya ci ƙwallo a gaban kawunsa, in koma gida in ba uwarsa labari. Minti ɗaya ya wuce, abokan layinsa biyu suka fito, shi bai fito ba. Minti biyu ya wuce. Dattijon nan, wanda shi ne zai canje shi, yana tsaye a gefena hannunsa a kan ƙofa. Wasu suka fara kiran sunansa. Ya ji, amma faifan yana kusa da shi, ya ga kamar saura ƙiris. Sai aka ƙwace faifan, abokan hamayya suka juya a guje. Ya yunƙura zai bi su, ƙafa ta ce ba ta san zance ba. Mutumin da ya kamata ya tsare ya wuce shi kamar yana tsaye, ya karɓi faifan ya jefa a raga. Uku da biyu.

Na buɗe masa ƙofa ya shigo kansa a sunkuye. Benci ya yi tsit. Ni da na saba da filayenmu, jira nake in ji an fara zagi da nuna yatsa. Ba wanda ya ɗaga murya. Kyaftin ya matso kusa da shi, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni ma don ina dab da su ne na ji. Ya ce, "Ƙwallon da aka ci mu ba komai ba ne, mako mai zuwa akwai wani wasan. Amma kowa a nan kuɗi ɗaya ya biya. Mintin da ka ƙara, na wancan dattijon ne ka ci." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya koma wurinsa.

Wallahi sai na ji kunyar ta kama ni ni ma, domin na san saboda ni ya yi. Da dattijon ya gama nasa zagayen ya fito, yaron ya miƙe ya ba shi haƙuri. Dattijon ya daki ƙwaurinsa da sanda a hankali, ya ce ya wuce. Saura minti biyu a tashi aka ɗan sauya layi, suka shiga tare. Yaron ya samu faifan a gefen raga, yana iya bugawa, amma ya hango dattijon a tsaye shi kaɗai a ɗaya gefen, sai ya tura masa. Dattijon ya buga, faifan ya daki ƙarfen raga ya fita. Haka aka tashi an ci mu uku da biyu. Amma da suka nufo benci, sanduna ne suka yi ta ƙara a jikin katanga kamar mu muka ci.

A hanyar gida ne aka bayyana mini cewa a wannan wasa, idan aka ci ƙwallo, ba sunan wanda ya jefa kaɗai ake rubutawa ba. Ana rubuta har mutum biyu da suka miƙa masa, kuma makin wanda ya miƙa daidai yake da na wanda ya jefa. Wayne Gretzky, wanda ya yi ritaya a 1999, kuma mutane da yawa suke ɗaukarsa gwanin gwanaye, ya miƙa aka ci sau 1,963. Wannan kaɗai ya fi duk makin da Jaromir Jagr, mai bi masa, ya tara, wato 1,921. Haka kuma ƙwallon da Sidney Crosby ya ci Amurka a wasan ƙarshe na Olamfik a Vancouver a 2010, wanda ya ba Kanada lambar zinariya, Jarome Iginla ne ya miƙa masa, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne. Har yau in ana labarin wannan ƙwallo sai an ambaci sunansa.

Amma bari in koma fili, domin ban gama ba. Da aka hura usur na ƙarshe, kowace ƙungiya ta fara zuwa wurin mai tsaron gidanta, ana dafa masa hula ɗaya bayan ɗaya. Na ga yaron ya daɗe a wurinsa yana magana. Sa'an nan aka yi layi biyu a tsakiyar fili, kowa ya gaisa da kowa, har da alƙalin wasa. Ba a ɓata lokaci ba aka fice, domin mai Zamboni yana jira ya gyara fili ya tafi gida.

A ɗakin canja kaya aka buɗe akwatin sanyi. Kowane mako akwai wanda yake da alhakin kawo abin sha, bi da bi. Na ga an ware kwalaben lemo a gefe guda. Ashe tun ranar da yaron ya gaya musu ba ya shan giya, ba wanda ya sake yi masa tayi, kuma duk wanda layi ya zo kansa ba ya mance lemonsa. A daren nan har da nawa aka sayo. Aka zauna ana ta ba'a. Dattijon aka sa a gaba, ana cewa ragar da ya kasa samu ta fi ƙofar bas ɗinsa faɗi. Ni ma ban tsira ba, akawu ya ce a tarihin ƙungiyar ba a taɓa samun mai ƙofa mai jinkiri irina ba. Batun laifin yaron kuwa ba wanda ya sake tayar da shi. A nan ne kuma na ji kyaftin yana tambaya wa zai samu sarari ranar Asabar, domin malamin makaranta zai tashi daga gidan da yake haya, ana neman masu ɗaukar kaya. Yaron ne ya fara ɗaga hannu.

Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare muka fito. Dusar ƙanƙara tana sauka a hankali, titi babu kowa. Muna cikin mota ya ce, "Kawu, ku yi haƙuri, na so ku ga na ci ƙwallo." Na ce masa, "Ɗana, abin da na gani ya fi ƙwallo. Zan gaya wa uwarka cewa kana cikin mutane, kuma in ka yi kuskure akwai mai gaya maka gaskiya ba tare da ya wulaƙanta ka ba." Ya yi shiru, can ya ce ba don mutanen nan ba, da tuni ya tattara kayansa ya dawo.

Tun da na dawo nake juya wannan abu a raina. Mun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kullum muna faɗa. Amma abin da na koyo a bakin ƙofar bencin nan shi ne, haɗin kai ba ya tsayawa ga shiga a taimaka. Har da sanin lokacin da mutum zai fito ya ba ɗan uwansa wuri, tun ƙafarsa ba ta mutu ba, tun kuma ba a kira sunansa ba. Wanda ya ƙi fita yana ganin taimako yake yi, alhali shi ne giɓin da za a bi a ci gida. Ina ganin ko a ƙungiyoyinmu na unguwa da na matasa, da wuraren taronmu inda mutum ɗaya zai riƙe magana har a watse, akwai abin dubawa a nan.

Hular kwanon dai na mayar wa kyaftin, amma ya ba ni faifan roba guda ɗaya tsaraba. Yana nan a kan teburina, duk baƙon da ya gani sai ya tambaye ni mene ne wannan. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya kuma tsare mana 'ya'yanmu da ke baƙunta a ko'ina suke, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.